Kabo, Uwar 'Yan Tsaki

Ranar sunan ɗan abokinmu Sanusi a Gyaɗi-Gyaɗi, liman na tsakiyar addu'a sai aljihun maƙwabcina Kabo ya hau kuka. Ɗan tsako ya leƙo, ya kuma yi masa kashi a sabuwar riga.

Tunda malamin gona ya ba shi 'yan tsakin Turawa, waɗanda inji ya ƙyanƙyashe, Kabo ya zama fursuna a gidansa. An ce masa in ba su ci mai kyau tun suna ƙanana ba, cuta ɗaya za ta share su, ga shi akuyarsa ya sayar ya gina akurki. Kullum yana daka musu ƙuli-ƙuli da busasshen kifi, ko yana bayan Tarauni yana kife tukunyar kashin shanu don kamo gara. Kasuwa ta gagare shi, hira ma haka. Mai rauni kuwa a aljihu yake ɗumama shi.

Na ce, "Inna Kabo, yaushe za a yi yaye?"

Ya ce, "Su in sun ci, nama suke ƙarawa. Kai da kake cin tuwon gidana tun yaƙin Bama na zamanin Turawa, baki kawai ka ƙara."