Rigar da Aka Ɗinka a Zaurenmu

Ina gida wankan jegon ɗana na fari aka kawo maganar rigar. A shekarar ne ƙungiyar dukawan Daura ta cika shekara ashirin da kafuwa, kuma tun kafuwarta Babanmu ne shugaba. 'Yan ƙungiya suka ce za su yi taro su sa masa babbar riga a gaban jama'a, farar shadda da aikin hannu, aska takwas da koren zare. Baba ya shigo yana faɗa, baki har kunne. Inna tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Malam, wa ya kawo shawarar?"

"Mataimakina."

"Wa zai ɗinka?"

"Wani surukinsa, mutumin Mai'adua. An ce hannunsa ba dama."

Inna ta ajiye rariya ta kalle ni, ni ma na kalle ta. Wannan mataimakin shi ne ya taɓa yi wa Baba kyautar takalmi, ɗinkin hannunsa, kuma bayan Baba ya fara sawa ƙafarsa ta kumbura har ya yi watanni ba ya fita. A asibiti suka ce ciwon suga ne. Inna ta ce to, sugan ya rasa ranar zuwa sai da takalmi ya shigo gidan? Kowa kuma ya san mutumin yana son kujerar Baba, ko gaisuwarsa ta cika tsawo. Tsoronmu ɗaya ne, kada a ɗinke wani abu cikin rigar nan, Baba ya sa, ya kwanta kwanciyar da ba zai tashi ba. Wuyan babbar riga ninki ne a kan ninki, laya ƙarama za ta shige ba wanda ya sani.

Baba ya ce mu ji tsoron Allah. Lokacin ba a daɗe da fara aiki da shari'ar Musulunci ba, ko'ina wa'azi ake a kan zato da ƙazafi, shi kuma ba ya son a ji irin wannan magana daga gidansa. Inna ta ce ita ba ta kama sunan kowa ba, sharaɗi ɗaya gare ta: a ɗinka rigar a zaurenmu. Baba ya gaji da mita, ya je ya gaya wa 'yan ƙungiya wai yana sha'awar ya riƙa ganin aikin yana tafiya. Suka ji daɗi, har suka yaba masa.

Haka maɗinkin ya fara zuwa kowace safiya. Dogo ne siriri, da tabarau mai ƙafa ɗaya da ya ɗaure da zare. A gidan mataimakin yake kwana, wanda wannan kaɗai ya ishe mu. Da yamma zai naɗe rigar ya miƙa wa Baba, Baba ya shigo da ita, mu kuma mu shimfiɗa ta a gadon Inna mu bi ta da yatsu kamar masu tsince shinkafa. Ranar farko zane kawai muka gani da tawada: askake dogaye a ƙirji, da'ira mai murɗewa a baya, sai wasu gidaje 'yan huɗu-huɗu a kan aljihu. Inna ta daɗe tana kallon gidajen nan. Ta ce sun yi mata kama da hatimin da malaman tsibbu ke zanawa. Na ce duk babbar riga tana da su, har tsohuwar ta Baba. Ta ce ta sani, amma na waccan ba su kai waɗannan yawa ba.

Ni ce mai gadi. Mai jego ba ta da aiki sai wanka da kunun kanwa da ba da nono, don haka nakan ɗauki jariri in zauna bayan asabarin da ya raba zaure da tsakar gida. Ta tsakanin karare ina ganinsa sarai, shi ba ya ganina. Gaskiya mutumin ya iya. Allura na shiga tana fita, koren zare na kwanciya a kan farar shadda luf-luf, har nakan manta abin da ya zaunar da ni. Sai na lura da abu biyu. Duk zaren da zai zura, sai ya ja shi ta tsakanin leɓɓansa. Kuma muddin yana ɗinki bakinsa na motsi, ba sauti.

Na gaya wa Inna. Ta dafe ƙirji ta ce, "Tofi! Zare-zare yake tofe ta." Ashe muna can muna lalube neman laya, shi ya bi ta inda yatsa ba ya ji.

Da muka tari Baba da maganar, dariya ya yi har da tari. Ya ce kowane mai allura yana lasar zare, shi ma yana yi in zai ɗinka fata, motsin baki kuwa ƙila salati ne. Inna ta ce ƙila. Ni ma na ce ƙila, amma raina bai kwanta ba, don akwai wani abin. Kullum Inna na aika masa tuwo, kullum kwanon na dawowa yadda ya tafi. Wai azumin nafila yake. Wace irin nafila ce ba Litinin ba Alhamis, kullum? Inna ta ce wanda ya san abin da yake ƙullawa shi ke tsoron abincin mutane. Sai bayan shekaru na yi tunanin wataƙila ya ga ƙafafuna a ƙarƙashin asabari, shi ma ya fara nasa zaton.

Aka yi kusan wata guda, riga ta kammala. Aka kai wa mabuga suka buge ta, ta dawo tana ƙyalli, in ka ɗaga ta tana ƙara kamar sabuwar takarda. Ban taɓa ganin riga mai kyanta ba, kuma kyan nata ya ƙara mini tsoro. Baba ya sa ta a akwati ya ce kada wanda ya taɓa.

Ana jibi taro Baba ya tafi kasuwar Mai'adua sayen fata. Fitarsa ke da wuya Inna ta buɗe akwatin. Ta ji a rediyo, wajen masu maganin Musulunci, cewa ganyen magarya da aka daka aka yi wa karatu yana karya sihiri. Ta daka, ta karanta Falaƙi da Nasi, ta zuba a babban baho. Ta ce ruwan sanyi ba zai ratsa zare ba, sai ta ɗebo daga tukunyar wankana da ke tafasa a murhu, ta ƙara da 'yar kanwa. Ni na riƙe hannun riga ɗaya, ita ɗaya, muka tsoma.

Nan take ruwan ya koma kore. Koren ya fito daga askake ya bi farar shadda, tawadar zanen da ke ƙarƙashi ita ma ta tashi baƙa-baƙa. Inna kuwa ta ɗaga hannu sama ta ce, "Alhamdu lillahi! Kin gani? Ga shi nan yana fita." Har ta rasu a kan haka take.

Muka ɗauraye, muka shanya, muka goge da dutsen guga, amma ƙyallin ya tafi, ƙirjin rigar ya zama dabbare-dabbare. Da Baba ya dawo ya tsaya a kanta ya daɗe. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Mutane sun haɗu sun girmama ni." Ya shige ɗaki.

Ranar taro ita ya sa. Ya ce ba zai mayar wa 'yan ƙungiya kyautarsu ba, ba zai kuma tona asirin gidansa ba. Ni ban je ba, amma kafin la'asar labari ya iso har tsakar gidanmu: wai mutumin Mai'adua ya cuci dukawa, ya yi aiki da zaren banza mai zuba. Aka ce mataimakin ya zage shi tas a gaban mutane, Baba yana zaune bai wanke shi ba.

Da yamma na ji sallama a zaure, na gane muryar. Na lallaɓa bayan asabari. Maɗinkin ne, da 'yar jakarsa a kafaɗa, zai koma gida. Baba ya fito da rigar a jikinsa. Mutumin ya kama gefen aljihu ya kai hanci, ya shinshina, ya saki a hankali.

"Magarya ce," in ji shi.

Baba ya sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, da kun ce mini ba ku yarda da ni ba, ai da ni zan fara sa ta. In kwana da ita, in wuni da ita, ku gani da idonku."

Maɗinkin ya sa takalmansa ya ce a gaida mutanen gida.