Yatsan Ɗana da Idon Kakansa

Ɗana na fari ya shekara biyu bai ce komai ba sai “Umma”. Sauran bukatunsa duk da yatsa yake biyansu. Ya nuna randa a ba shi ruwa, ya nuna ƙofa a goya shi a fita. Na kai shi asibiti, suka duba kunnensa suka ce lafiya lau, in dai riƙa yi masa hira. Ina yi, sai ya zuba mini ido yana murmushi kawai.

A shekarar ne idon surukina ya tafi, muka bar gidan haya muka koma gidansa a Ƙofar Kware don kula da shi. Da hantsi akan shimfiɗa masa buzu a zaure. Yaron ya maƙale masa, ni kuma kunya ba ta barina in zauna, sai in ja turmina kusa da bango ina jinsu.

Wata safiya akuyar maƙwabta ta leƙo. Yaron ya ja rigar tsohon yana nunawa.

“Mi na na, abokina?” in ji tsohon. “Ni ban gani. Hwaɗa min.”

Ya ƙara nunawa, ya buga ƙafa, ya fashe da kuka. Na yunƙura zan shiga, tsohon ya ji motsina ya ce, “Bar shi, ɗiyata, hira mukai.” Na koma na zauna raina ba daɗi.

Haka suka yi ta yi kwana da kwanaki. Ran nan na ji wata ’yar murya ta ce, “Kuya.”

“Akuya? Hwara ko baƙa?”

Wannan ya fi ƙarfin yaron. Tsohon ya yi dariya ya ba shi dabino.

Daga nan kalmomi suka riƙa zuwa a gutsure: “tota” ga mota, “uwa” ga ruwa. Kafin damina ta fita shi ke sanar da kakansa wanda ya yi sallama. Ni Bakanuwa ce, amma bakinsa Sakkwatanci ya ɗauka, in na tambaye shi ko ya ƙoshi sai ya ce “awo” maimakon “e”.

Ban taɓa sanin ko da gangan tsohon ya yi don bakin yaron ya buɗe ba, ko kuwa kaɗaici ne ya sa yake son jin abin da ke wucewa. Ban tambaye shi ba har Allah ya yi masa rasuwa, yaron yana aji ɗaya a firamare.