Kalmar da Iya ta bar wa mai wankin hula

"Ba inda za ka da wannan ƙafar."

Muryar Ya Mu'mina ce, matar maƙwabcinmu, ta tsallako katangar da ta raba gidanmu da nasu a unguwar Abbaganaram. Katangar ba ta da kauri, ko tari aka yi can mukan ce sannu a nan. Ina tsince shinkafa da hantsi, sai na ajiye farantin.

"Kusiri ce fa, nan bakin iyakar Kamaru, ba bangon duniya ba," in ji mijinta, Baba Mahmud mai wankin hula. "Wani direba ya ce ya taɓa jin irin kalmar a bakin masunta."

"Direba zai ce ya ji ta a bakin kada ma, in dai za ka cika masa kujera. Malam, kalmar nan ba ta Kusiri. Ka fi ni sanin inda take."

Can sai na ji ya soma dukan hula, duka mai ƙarfin da hular ba ta buƙata.

Duk unguwa an san kalmar: lurma. Haka marigayiya mahaifiyarsa, Iya, take kiran inuwa. Takan ce a kai tabarma lurma, a shigar da jariri lurma. Ta zo Maiduguri a jirgin ƙasa ita kaɗai, da ƙullin kaya, ta auri wani Babarbare, ta haifi Mahmud, har ta rasu ba ta faɗi garinsu ba. In an tambaye ta sai ta ce ita 'yar hanya ce. Shi kuwa ɗan ya yanke cewa kafin Hausa akwai wani harshe a bakinta, kuma ranar da ya gano masu cewa lurma, ya gano dangin uwarsa.

Sana'arsa ta taimaka masa. Rumfarsa tana gefen Kasuwar Kwastam, inda yake jera huluna a kan kututturai kamar taron kawuna marasa jiki, kuma kowane irin kai na ƙasar Barno yana bi ta nan. Shi da kai yake gane mutum, ba da fuska ba. Nasa dogo ne ta ƙeya, hula ba ta zama masa daidai, yakan ce gadon Iya ne. Kafin ya miƙa wa mutum hularsa sai ya tambaye shi yadda ake cewa inuwa a gidansu. Bashuwe ya ce dull. Bafulatani ya ce ɗowdi. Babu mai lurma. Amma garin neman gira ya tsinci ilimi mai yawa. Shi ya gaya mini cewa, a ganinsa, kasuwa ma baƙuwa ce a Hausa: kasugu ce ta Barebari, su ma daga Larabawa suka karɓo ta. Yakan zaunar da Malam Yoila, wani akawun coci ɗan Biu, su yi ta musu a kan ko gaisuwar nan usa ta Bura ce ta haifi wushe ta Kanuri, ko kuwa wushe ce uwa.

"Kalma kamar hula take," yakan ce. "In ka juya cikinta za ka ga gumin wanda ya fara sa ta."

Abin da ya dame ni bayan rigimar shi ne maganar Ya Mu'mina ta ƙarshe. Da ya fita kasuwa na shiga wajenta da sunan aron rariya. Ta dube ni, ta dubi katanga, ta yi dariya.

"Rariya ko? Zauna, 'yar nan. Kin taɓa jin na faɗi sunan babban ɗana?"

Na ce Babakura kowa yake ce masa.

"Wannan ba suna ba ne, mayafi ne. Sunan kakansa aka sa masa, kuma ɗan fari ne, ni da sunan nan har abada. Akwai wata a layinmu, surukinta Sule ne, ta mutu ba ta kira kuɗin nan na da da sunansa ba, sai ta ce taro huɗu. To ita Iya, Hausar Kano ce tsantsa a bakinta. Kalma ɗaya tak ba ta faɗa."

Ta ci gaba da yankan kuɓewa. Ta ce tana amarya wani mai tallar atamfa ya riƙa zuwa gidan, sunansa Inuwa. Ranar da tsohuwar ta ji sunan, ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga nan kullum sai ta aika masa da ruwan sanyi, ta ce a kai wa mai sunan yaro.

"Wane yaro? Ita da ɗanta ɗaya, kuma ga shi can?" Ta faɗi wannan ba tare da ta furta sunan mijin ba, sai ta nuna ɗakinsa da wuƙa. "Ta haihu kafin ta hau jirgin nan. Ta baro shi can. Kalmar kuwa ita ta ƙera abarta, don kada bakinta ya taɓa sunansa ko da bishiya take nufi."

Na tambaye ta ko ta gaya masa.

"Tun ina da haƙorana duka. Ya ce mata ba su san asalin kalma ba."

A nan na fara ganin abin ta wata fuska. Mutumin da zai iya bin kalmar kasuwa har ƙasar Larabawa ba zai kasa ganin abin da yake tsakar gidansa ba. Na tuna cewa duk tambayarsa maza yake yi wa, baƙi, matafiya, waɗanda ba su taɓa ganin uwarsa ba. Bai taɓa tsayar da tsohuwa ɗaya ta unguwa ba. Na kuma tuna abin da ya fi alfahari da shi, wanda yake ba kowa labari: wai shi ɗan fari ne, amma Iya ba ta yi masa kunya ba. Takan tsaya bakin ƙofa ta ƙwala "Mahmudu!" a gaban jama'a, ta ci abinci da shi a kwano ɗaya. Yakan ce son da take masa ya fi ƙarfin al'ada. In maganar matarsa gaskiya ce, ba al'ada Iya ta karya ba. Ta riga ta ba wani kunyarta ne, ta riƙe masa ita har kabari, shi kuma na biyu ya sami suna a fili kamar kowane ƙane.

Da yamma na same shi a zaure yana goge wata hula zanna bukar. Na gaishe shi, na ce ina da tambaya irin tasa.

"Baba, Iya ta taɓa ce maka lurma yarensu ce?"

Ya ɗaga hular ya dubi cikinta.

"Mu'mina ta ba ki rariyar?"

Na ce ta ba ni.

"Ina yaro na taɓa tambayarta," in ji shi. "Na ce Iya, kowa inuwa yake cewa. Ta mare ni. Ba ta taɓa dukana ba sai ranar. Sannan ta shiga ɗaki, ba ta fito ba har aka yi la'asar." Ya kifa hular a kan kututture, ya daidaita bakinta da babban yatsa. "Mutum ba ya marin ɗansa saboda yare, 'yata. Wannan ko ni na sani."

"To Kusiri fa?"

"A Kusiri ba wanda zai ce mini ga yayanka."

Bai yi tafiyar ba. Direban ya zo ya yi ta hon ya gaji. A rumfa kuma Malam Yoila ya yi ƙorafin cewa an daina yi masa tambaya, hula kawai ake miƙo masa kamar baƙo.

Bayan sallah na shirya zuwa biki Kano. Na fito da jakata da safe, sai na gan shi tsaye a ƙofar gidansa, ba hula a kansa, abin da ban taɓa gani ba. Ya juya mini ƙeya, ya tsaya haka na ɗan lokaci, sannan ya juyo.

"Kin gani da kyau? To. Na san Kano da yawa take. Amma in kika haɗu da wani Inuwa da ya girme ni, mai irin wannan kan, ki ce masa ƙanensa yana wankin hula a Kwastam. Ya aiko da tasa."