Shekarar da Jobeda Ta Manta Girki

Shiga unguwarmu a Sirajganj ka tambayi Jobeda, kafin ka rufe baki wani zai ce maka, "Au, wadda ba ta iya girki ba?" Duk sanda na ji wannan magana sai raina ya ɓaci, domin shekara goma sha ɗaya na yi ina yanka albasa a gefen matar nan, kuma na san abin da na sani. Yau dai zan amayar da shi. In ta ji ta zage ni, ba yau ta fara ba.

Wurin aikinmu rumfar kwano ce a bayan masallaci, kowa Babbar Tukunya yake ce mata. Kullum da azahar ake sauke kicuri, dafa-dukan shinkafa da waken dal, masu tuƙa riksha, wato keken ɗaukar fasinja, da tsofaffi da waɗanda kogi ya cinye wa gidaje su zo su ci su tafi, ba a tambayar kowa sunansa. Ba mu da wani attajiri a bayanmu. Damƙi ne ke riƙe da mu. Kowace mace in za ta ɗora girki, kafin ta wanke shinkafa sai ta damƙi hannu guda ta zuba a 'yar tukunyar ƙasa da ke gefen murhu. Ranar Alhamis da la'asar Jobeda ta rataya buhu ta bi gida-gida ta juye. Muciya ma a hannunta take, tun ranar da aka kafa rumfar.

Gajeriya ce mai jiki, leɓe jajur da ganyen pan da ake taunawa kamar goro, murya kuwa tun daga bakin layi za ki jiyo ta ki tashi ki ƙara damƙi biyu kafin ta iso. Ta san kowane gida da shinkafarsa. Ni kaina ban tsira ba.

"Maman Ripon, wannan damƙinki ne ko jaririn maƙwabta kika aika?"

"Apa, hannuna ne ƙarami," in ji ni. Apa nake ce mata, wato Yaya.

"In an zo ɗibar miya ai girma yake yi."

Matar wani mai shagon yadi ta taɓa ba ta shinkafa mai ƙwari. Jobeda ta karɓa ta tafi. Alhamis ta zagayo, ta miƙa mata kwalin ashana a gaban surukarta, ta ce, "Ga baƙinki na dawo miki da su, sun ce ba su saba da wurinmu ba." Amma in ta shiga gidan da ta san ba su da shi, ta tarar da abin da bai rufe gindin tukunya ba, sai ta yi ta nishi tana cewa za a karya mata ƙugu da kaya.

Girki kuwa, bari. Shinkafar gida saba'in ce a tukunya ɗaya, wata sabuwa wata tsohuwa, wata mai saurin nuna wata mai taurin kai, amma Jobeda ta san wadda za ta fara zubawa da wadda za ta jira. Masu riksha daga tashar jirgi suke tuƙowa ba fasinja don kada kicurinta ya wuce su. Kuma tana ji da abinta. Ka zagi gidansu ta yafe maka, ka ce gishirinta bai ji ba kun ɓata har Sallah.

Mutum ɗaya ce a duk unguwar ba ta taɓa yaba mata ba, Firoza Begum, wadda muke kira Matar Masta. Mijinta marigayi shi ne hedimasta, shi ya ba da filin da rumfar take kai, sunansa ne a allon bakin ƙofa. Doguwa ce mai tabarau, sarinta, wato zanen da take naɗawa, fari ƙal, ba ta magana da ƙarfi amma in ta faɗi ɗaya sai ki kwana uku kina juya ta. Ita da Jobeda lokaci ɗaya suka shigo unguwar suna amare, kuma tun lokacin ba sa ga-maciji. Ra'ayin Matar Masta shi ne Jobeda tana ƙona albasa. Ba ta taɓa ɗanɗana kicurin ba, wai ƙauri ya isar mata. Shinkafarta ce ta fi ta kowa kyau a buhu, siririya mai ƙamshi daga gonarsu ta bakin kogi, kuma Jobeda tana juyewa tana harara.

A damunar da kogi ya yi ɓarna, gonar nan ta tafi gaba ɗaya cikin kwana biyu. Ɗanta guda yana Dhaka, ya yi shiru. Ba wanda ya kawo komai a ransa, don sarin yana nan fari, tabarau yana nan a hanci.

Wata Alhamis muna tsince buhu, Jobeda ta buɗe min tafin hannunta.

"Ta wace ce wannan?"

Na duba. Tsaki ne, har da tsakuwa, irin wanda ake sharowa a ƙasan injin casa. Na ce ban sani ba.

"Ta Matar Masta ce. Wancan watan ta koma mai kauri, yanzu ga wannan. Kuma tukunyar cike take, kamar mai ɗora girki sau biyu a rana. Na tambayi maƙwabciyarta, ta ce kwana biyu ba ta ga hayaƙi a gidan ba. Kin gane? Abin da za ta ci take zuba min, don kada in gane."

Na ce mu kai mata abinci.

Mun kai. Ni na ɗauki kwanon, na rufe shi da gefen sarina. Matar Masta ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "Maman Ripon, kin yi ɓatan hanya. Masu buƙata suna bayan masallaci." Na dawo da kwanona. Jobeda ta zauna a kan buhu tana tauna pan. Can ta ce, "Matar nan za ta mutu a cikin farin sari, mu kuma muna nan da tukunya cike a filin mijinta."

Washegari kicuri ya fito lami, ko ƙwayar gishiri babu. Na ce, "Apa, kin manta." Ta ce in kula da albasata. Kashegari ya fito tsululu, jibi kuma barkono ya sa masu riksha suna ci suna share majina. Ba ta taɓa ɓata shi har ya ƙi ciwuwa ba, ta san iyakarta, amma bakin mutane ya buɗe. Wani mai riksha ya leƙo, ya kira ta Khala, wato Inna, ya ce, "Khala, yau kuma wane laifi muka yi?" Wani ya ce tsufa ne, wani ya ce ganyen pan ya kashe mata harshe. Ina ji ina tafasa, ita ko a jikinta.

Bayan mako guda sai ga Mokbul Chacha, wato Baffa Mokbul, shugaban kwamitinmu, tsohon ma'aikacin gidan waya mai tsoron rigima. Ya yi ta kame-kame yana murza hula. Jobeda ta tare shi.

"Chacha, in girkina ne bai yi muku ba, ku kawo wadda ta fi ni. Amma kada ku kuskura ku kira min waccan mai tabarau. Me ta sani? Ko ruwan zafi ba ta iya dafawa ba. Ka je ka gaya mata ni na faɗa."

Mutumin da ya yi shekara talatin yana kai saƙo, ina zai iya riƙe wannan? Kafin magariba magana ta isa, har da ƙari. Da safe muna hura wuta Matar Masta ta shigo, tana dafa bango kaɗan-kaɗan, amma kanta a sama. Ta ce ba don kowa ta zo ba, sunan mijinta ne a allon nan, ba za ta zuba ido a zubar da shi ba.

Da aka sauke, ta karɓi cokali ta ɗanɗana, ta ce gishiri ya yi kaɗan.

"A sama kika ɗiba," in ji Jobeda. "Wa yake gane gishiri a sama? Ɗanɗana na tsakiya." Ta cika mata ƙoƙo. "Ga na ƙasa kuma. In za ki kushe, ki kushe da hujja."

Matar Masta ta cinye na tsakiya, ta cinye na ƙasa, tana lissafa laifuffuka tsakanin loma da loma. Na juya baya na ci gaba da yanka albasar da ba a buƙata, don ita ce kaɗai za ta rufa min asirin idona.

Haka aka ci gaba. Kullum ta zo koyar da Jobeda, kullum a yi musu, kullum sai an kafa hujja daga sama har ƙasa. Ranar da Matar Masta ta ce, "To, yanzu kin ɗan kama hanya, ba sai na dawo ba," washegari Jobeda ta ƙona albasa har ƙauri ya shiga masallaci. Dole aka sake aika mata.

Abin da ban hango ba shi ne kwamiti. Da suka ga sai Matar Masta na nan abinci ke daidaita, suka zauna suka yanke a ba ta muciya, Jobeda ta tsaya a buhu. Dokar wurin kuwa, mai muciya tana ci a nan, a kuma zuba mata na tafiya gida. Na zaci Jobeda za ta tada rumfar. Ta dai yi hayaniyar da ta dace, ta ce an ci amanarta, ta wurgar da muciyar daidai inda Matar Masta za ta ɗauka ba tare da ta sunkuya ba.

A hanyar gida na ce, "Apa, bari in gaya wa Chacha gaskiya."

"Ki gaya wa Chacha? Gara ki hau hasumiya da lasifika."

"Ba ya miki ciwo?"

"Yana yi. Kullum. In na wuce na ji ƙamshin kicurinta, wanda ko rabin nawa bai kai ba, ana kai-kai-kai, ji nake kamar in kwanta a titi. Amma kin ga wuyanta ya fara cikowa?"

Gaskiya ce ta faɗa, duka biyun. Wuyan ya ciko, kicurin kuma ba yabo ba fallasa.

Bayan wata takwas aka sa ranar bikin autar Jobeda, Mukta. Dangin ango mutanen Pabna ne, kuma labari ya riga ya haye kogi. Suka aiko cikin ladabi cewa sun ji uwar amarya ba ta cika jin daɗin hannunta ba kwanan nan, ko za a roƙi Matar Masta ta dafa polau, shinkafar da ake yi wa walima. A gabana aka isar da saƙon. Jobeda ta ce, "To, madalla," ta shiga ɗaki. Shekara ashirin tana faɗin irin polau da za ta yi wa yarinyar nan. A ranar na tsani unguwar gaba ɗaya, har da ni da na yi shiru.

Ranar biki da hantsi aka kafa murhu a bayan gida. Matar Masta ta iso, ta duba shinkafa, ta duba kaji, ta ɗaga muciya, sai ta saki ta kama kafaɗa.

"Wash. Hannun nan ya ƙage. Maman Ripon, kira min uwar amarya."

Jobeda ta fito da sabon sari, fuska a murtuke.

"Kama min," in ji Matar Masta. "Zan riƙa gaya miki abin da za ki yi."

Ta ja kujera ta zauna, ta juya wa tukunyar baya, ta cire tabarau tana gogewa. Har aka sauke ba ta ce ƙala ba. Jobeda ta soke gefen sarinta a ƙugu, kuma na ga hannun nan ya dawo, yana ɗibar gishiri ba awo, yana sanin lokacin da albasa ta yi ja ba tare da ido ya duba ba. Ƙamshi ya sa yaran maƙwabta suka hau katanga.

Bayan an ci, uwar ango ta zo da tawagarta suka kewaye Matar Masta da godiya. Ta miƙe, ta ce yadda kowa zai ji, "Ban taɓa tukunyar nan ba. Jobeda ce ta dafa, kuma a garin nan babu mai hannunta."

Uwar ango ta dafa ƙirji ta dubi 'yan uwanta. "Kun gani? Ga iya girki, ga tawali'u." Suka ƙara rungume ta. Mokbul Chacha ma yana gyaɗa kai yana cewa halin marigayi ne sak. Ba wanda ya yarda, ko mutum ɗaya, har yau.

Jobeda ta zauna a kan buhun gawayi da sabon sarinta, ta yi ta dariya har hawaye ya zubo, daga nan ban san ko dariya ce ba. Da mutane suka watse Matar Masta ta zo ta zauna kusa da ita, su biyu suna kallon tukunyar da aka suɗe tas.

"Tun yaushe kika sani?" in ji Jobeda.

"Tun ƙoƙon farko. Wadda ta manta girki ba ta cika wa maƙiyiyarta ƙoƙo." Ta mayar da tabarau. "Yunwa nake ji, Jobeda. Ban iya faɗa ba."

Jobeda ta kunce ƙullin pan ɗinta, ta raba ganyen biyu, ta miƙa mata rabi.