Libarba a Aljihun Goggo Verlie

Duk wanda ya tashi a kwarinmu, nan gabashin Kentucky, ya san Goggo Verlie Caudill, kuma ya san ƙaryarta. Duk watan Satumba za ka gan ta ta nufi dutse cikin tsohon kwat ɗin marigayi mijinta, da ɗan buhun fulawa a kafaɗa. In ka tambaye ta ina zuwa, sai ta ce ganyen miya za ta tsinko. Ganyen miya da kaka, alhali a wajenmu da bazara yake fitowa! Kowa ya san saiwar jinsen take haƙa, wadda ake busarwa a sayar wa masu magani, amma ba mai ce mata uffan.

Mai haƙar jinsen ba ya nuna wa kowa wurinsa, ko da wanda suke kwana ɗaki ɗaya ne. Sau ɗaya tak ake nunawa: ranar da mutum ya san ya gama hawan dutse, sai ya kama hannun magajinsa ya kai shi. Haka uwar Goggo Verlie ta yi mata. Tun daga ranar, duk saiwar da ta tona sai ta binne jajayen 'ya'yan shukar a ramin, wasu ma ta san ba za ta ga girmansu ba. Da wannan saiwa ta yi jinyar mijinta lokacin da ƙurar ramin kwal ta cinye masa huhu, da ita kuma ta raini ɗansu ɗaya, Delbert.

Rigimar ta taso tana da shekara saba'in da uku, kuma bakina ne ya jawo ta. Ni nake tsare kantin ƙanena, muna sayar da ƙusa da abincin kaji da harsashi da bindigogi. Wata rana tana shan kofi a jikin kanta sai ta faɗa mini cewa beyar, ƙatuwar baƙar dabbar dajin nan mai farata, ta dawo dutsen, kuma ta yi kiciɓis da wasu baƙin maza biyu da suka tare mata hanya suna tambayar abin da ke cikin buhunta. Ta ce kada in gaya wa kowa. Kafin kofinta ya huce a cikinta na riga na buga wa Delbert waya a birni. Har yau ina jin kunyar abin.

Washegari ya iso, ya yi tsalle ya dire ya ce ta gama da daji. Ya gyara mata ɗaki a gidansa, har da labule mai furanni. Ta ce ya ba kare ya kwanta. Suka kwana biyu suna abu ɗaya, daga ƙarshe ya ce to, in dai sai ta hau, sai da bindiga a ƙugu, in ba haka ba ya saka ta a mota ko tana kuka. Haka suka shigo mini kanti, kowa fuska a murtuke.

"Nadine, sauko mana da waccan," in ji Delbert, yana nuna wata ƙatuwar libarba mai dogon baki.

Goggo Verlie ta ɗaga ta da hannu biyu, ta dube ni. "'Yar nan, ana haɗawa da amalanken da zai ɗauke ta, ko shi daban ake saye?"

"Mama, ba wasa nake ba. Wannan ce ke kayar da beyar."

"Ubanka yana da irinta. Shekara ashirin tana kayar da beyar daga ƙarƙashin kujerar mota, don bai taɓa iya hawan dutse da ita ba."

"Ai a kube za ki rataya ta, kowa ya gani ya shiga taitayinsa."

Nan ta ajiye bindigar, ta juyo gaba ɗaya. "Birni ya cinye maka kai, Delbert. Tsohuwa mai tsinkar ganye me za ta yi da bindiga a ƙugu? Ranar da aka gan ni da ita, ranar kowa zai san akwai abin da nake gadi a can sama. Kafin sati sun bi sawuna sun tone wurin kakarka tas. Ni wadda ba a gani nake so."

Ni dai na san ta fi shi gaskiya, sai na fito da ƙananan na jera mata. Ba ta kalli kyan ko ɗaya ba. Kowacce sai ta jefa ta a aljihun kwat, ta zagaya kantin, ta sunkuya kamar mai tono, sannan ta zaro ta da sauri. Guda biyu ɗan ƙahon nan nasu na baya ya maƙale a yadin aljihun, ta ture su gefe. Wata kuma kunamarta ta yi wa yatsunta tauri, don sanyin ƙashi ya riga ya tanƙwara su. Ta tsaya a kan wata 'yar gajera baƙa, marar ƙaho, mai cin harsashi biyar, wadda in ta shiga aljihu sai ka rantse gwangwanin taba ne.

Muka zagaya bayan kanti, na kafa mata gwangwanin kofi taku goma. Ta sami uku cikin biyar. Ƙaramar libarba shuri gare ta kamar jaki, na ga yadda ta tura hannunta aljihu don kada Delbert ya ga ta ji zafi. Tausayinta ya kama ni, amma na kama bakina, a karo na farko a rayuwata.

"Wannan abar ba za ta tsayar da beyar ba," in ji Delbert.

"Beyar ba ta taɓa tambayata abin da ke cikin buhuna ba," ta ce, ta wuce mota.

Da ya haƙura a nan da ya huta. Amma da yamma ya dawo shi kaɗai ya sayi ƙatuwar. Sauran labarin da bakinsa ya ba ni. Da safe ta fita, sai ya bi bayanta a ɓoye, wai zai yi gadinta. Ɓoyon kuwa da hular mafarauta mai ruwan lemo, wadda ake hangowa daga ƙetaren kwari, ga bindiga tana dukan cinyarsa. Awa uku tana jansa, cikin ƙaya, cikin rafi, ta kan wani gangare da ya sa shi rarrafe. Can sai ya neme ta ya rasa. Ya zauna a kan kututture yana haki, bai ma san ta ina gida yake ba.

"Ɗaga hularka in ga ko ɗana ne."

Ya zabura ya waiga. Tana tsaye taku biyar a bayansa, hannunta na dama a cikin aljihu.

"Mama, tun yaushe kike nan?"

"Tun kana zagin ƙaya. Na ji ka tun daga gadar katako, kana tafe kamar saniya ta shiga gonar masara. Kai ne mai gadin nawa?"

"Tsoro nake ji kada wani abu ya same ki."

"Na sani. Amma ka san abin da ake nufi in ɗa ya ga wurin uwarsa. So kake ka gaje ni ina numfashi? Ranar tana zuwa, Delbert, kuma ni zan faɗe ta, ba kai ba, ba likita ba, ba Nadine mai dogon baki ba. Tashi in kai ka gida kafin ka harbe ƙafarka."

Delbert ya ce mini duk tsawon hanya bai ga ganyen jinsen ko ɗaya ba. Ta kai shi har ƙofa, ta zuba masa wake da burodin masara, ta juya ta koma dutse. Ɗakin nan mai labule, kayan guga matarsa ta zuba a ciki.

Shekara shida ta ƙara tana hawa. Libarbar ba ta taɓa tashi a kan mutum ko dabba ba, sai gwangwani duk ranar Asabar. An ce baƙin nan sun sake tare ta sau ɗaya, ta tsaya tana kallonsu da hannu a aljihu har suka ba ta hanya. Ita dai ba ta gaya mini ba, ta daina ba ni labari.

Bara, ranar farko ta Satumba, ta shigo kanti tana dogara sanda, Delbert na biye da ita, furfura ta fara fito masa. Ba ciwo take ba, ba kuma wanda ya matsa mata. Ta cire kwat ɗin da nauyin libarbar a aljihu, ta miƙa masa. Da ya gane abin da take nufi sai idonsa ya cika, ni ma nawa haka.

"Mama, ai da sauranki. Mu bari sai baɗi."

"Na ce maka ni zan faɗi ranar," ta ce. "Saka kwat ɗin. Ka bar wa Nadine hular nan mai ruwan lemo, kuma in an tambaye ka, ganyen miya za mu tsinko."