Bappa Hawainiya da Gudun Rana Ɗaya

Duk wanda ya taɓa hawa mota daga tashar Azare zuwa Gamawa a zamanin mulkin soja ya san Bappa. Dogo ne siriri, Bafillatanin Bulkachuwa. Shekarar da ciwon bushiya ya share shanun ubansa ya ajiye sanda ya je ya koyi tuƙi. To, sandar kawai ya ajiye, halin kiwon yana nan. Yadda ake kora saniya mai tsohon ciki, haka yake tuƙa fijon da wani Alhaji ya damƙa masa.

Mai keke yakan cim masa a hanya, su gaisa, su tambayi iyali, sannan mai keken ya ce sauri yake yi, ya wuce. Mata sukan shiga motarsa da faranti su tsince shinkafa kafin a isa. An ce wata ta hau da madara a Gamawa ta sauka Azare da kindirmo. In ƙadangare ya hau titi sai Bappa ya taka birki ya jira shi ya gama gyaɗa kai. Shi ya sa 'yan tasha suka sa masa Hawainiya. Masu goyo da masu ciwon baya suna rububin motarsa, 'yan kasuwa kuwa ko kyauta ba sa shiga.

Matarsa Kellu 'yar Barebarin Gamawa ce, uwarta Ya Fanna mai turaren wuta. Kowa ya san Bafillatani da Babarbare abokan wasa ne, sai dai wasan bai kai kan suruka ba, balle a wajen Bappa, wanda kunya ta yi wa yawa kamar shi kaɗai aka raba wa. Shekara shida da auren, bai san kamannin fuskar matar nan ba. Ƙafafunta ya sani, da lallen da ke kansu. In ta zo gidansa ganin jikoki, ta katanga yake fita. Bai taɓa shan ko ruwa a inda za ta gani ba. Sunanta kuwa, ko fasinja ce ta ci sunan sai dai ya ce mata mai sunan manya. Ita ma ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana da saƙo sai ta faɗa wa iska, shi kuma ya tsinta.

Ranar da abin ya faru, ranar kasuwar Gamawa ce. Ya Fanna ta shirya turarenta za ta kai Azare, ta iske babbar motar da ta saba hawa ta cika. Ɗan kamasho ya ga surukar direba ce, ya ce girmamawa ta kama, ya buɗe mata gidan gaba na fijon Bappa. Bappa ya dawo daga sallar azahar yana gyara hula, sai ya hango ƙafa mai lalle a ƙofar motarsa.

Ya tuɓe takalmi. Ya durƙusa a gindin taya ya gaishe da tayar, ya tambaye ta gajiya da mutanen gida. Daga cikin mota aka amsa wa gilashi. Da ya ga ba katangar da zai tsallaka, sai ya shiga ya zauna a gefen kujera, ya karkatar da wuya wajen taga, ya tayar da mota.

Sun ɗan taɓa tafiya ke nan sai ga babbar motar nan ta biyo su, ta zo wucewa. A can ƙololuwar buhunan gero Meram ce zaune, maƙwabciyar Ya Fanna, ita ma mai turare, wadda suka shekara talatin suna gaisawa da haƙora. Da yake tafiyar ba tafiya ba ce, Meram ta samu sararin leƙowa.

"Ya Fanna! Ashe ke ce a gidan gaba? In na isa zan gaya musu kina tafe, su sa ido jibi!"

Motar ta wuce ta bar musu hayaƙi. Da hayaƙin ya washe, Ya Fanna ta waiwayi fasinjojin baya.

"Jama'a, a tambaya mini. Motar nan ba ta da lafiya ne, ko ba a ba ta abinci ba?"

Ta gyara zama, ta ci gaba.

"To a gaya wa mai ita, kada Meram ta riga ni ganin Azare."

Bappa ya tsinci saƙon. A duniyarsa akwai hanyoyi da yawa na mutuwa, amma babu hanyar ce wa suruka a'a. Ya ɗora tafin ƙafarsa a kan totur, ya danna. Fijon da ba ta taɓa sanin tana da giya ta huɗu ba ta yi wani kuka kamar an fama mata ciwo, ta zabura. Kafin a ce me, sun kamo babbar motar, sun gifta ta. Ya Fanna ta zuro kai ta taga ta rangaɗa guɗa a kan fuskar Meram.

Bappa ya yi hamdala a zuci, ya fara ɗage ƙafa.

"Wa ya ce a rage?" in ji Ya Fanna. Ta matso da fuska ta duba allurar da ke gaban sitiyari. "Wannan 'yar allurar ai da sauran fili a gabanta. Wanda ya ƙera motar bai zana wurin nan don ado ba."

Ashe tsohuwa iska ta ji a fuskarta, ta ji daɗi. Shekara sittin tana tafiya a kan jaki da kan buhu, yau ta gano abin da aka ɓoye mata.

Bappa ya ƙure maleji. Bishiyoyi suka haɗe suka zama katanga guda. Mutanen baya suka kaure da salati. Wani malami da ke can ƙurya ya ɗaga murya, "Direba, don girman Allah ka tsaya, ina da 'ya'ya tara!"

"Haba Malam," in ji Ya Fanna, "kai da kake yi mana wa'azin ƙaddara? Riƙe rawaninka."

Suka ratsa Bulkachuwa, garinsu Bappa, babu wanda ya shaida shi. Wani baffansa da ke zaune bakin hanya ma cewa ya yi Allah ya shirya yaran zamani, da za su yi koyi da Bappa da an huta. Suka iske shingen 'yan sanda, suka tafi da ganga ɗaya a gaba tana ƙara har ta gaji ta koma gefe. 'Yan sandan suka bi su a tasu motar, ko ƙurarsu ba su kamo ba.

A bakin garin Azare ne abin ya daina zama abin dariya. Roda, malamar firamare, mutumiyar kudancin Bauchi, ta taso daga makaranta a kan kekenta. Ta ji ƙara, ta waiga, ta ga mutuwa fara fat tana zuwa, ta kauce ta faɗa lambatu. Hannunta na dama ya karye gida biyu. Bappa ya gani, amma ba a ce ya tsaya ba. Sai a ƙofar tasha aka ce wa gilashi, "Ya isa, nan zan sauka." Ya Fanna ta fito ta gyara mayafi, ta nemi aron tabarma, ta zauna jiran Meram. Nan 'yan sanda suka zo suka iske Bappa yana neman takalminsa, wanda ya baro a Gamawa.

Gari ya rabu biyu. Direbobi suka ce gidan yari na ɓarayi ne da masu kisan kai, mutumin da bai ɗauki ko allurar wani ba a yi masa tara a sallame shi. Matan da 'ya'yansu ke tsallaka titin nan kullum suka ce da ɗan wani aka taka, da yanzu ba tara ake zance ba, zaman makoki ake. Aka je aka yi wa Roda bayanin suruka da kunya, ko za ta yi sanyi. Ta ɗaga hannun da aka ɗaure da karare ta ce, "Ku yi wa wannan bayani. Shi bai san kunyar Fulani ba." Kellu kuwa ta bi mijinta har wajen 'yan sanda tana kuka. "Ka faɗi gaskiya mana! Uwata ce, na san halinta, ko kunyar Allah ba ta ji a kan Meram!" Bappa ya toshe kunnuwa don kada ya ji ana zagin manya.

Majistaren da aka kai shi gabansa, Mista Alfred, ya daɗe a ƙasar Katagum. Ya taɓa shiga motar Bappa sau ɗaya, ya rasa zaman kotu na yini guda. Ya duba takardar ƙara, ya duba Bappa, ya sake duba takarda.

"Kofur, kun tabbata wannan ne? Ba wani mai kama da shi ba?"

"Shi ne, ranka ya daɗe."

Mista Alfred ya riga ya ji ƙishin-ƙishin daga bakin fasinjoji. Ya cire tabarau ya ce, "Malam Bappa, na san tuƙinka. Wani ne ya matsa maka. Ka faɗi ko waye, a rubuta, in yi maka sassauci ka koma ga iyalinka. In ka yi mini shiru kuwa, doka ta ba ni gidan yari, kuma zan yi aiki da shi."

Bappa ya buɗe baki. Allah kaɗai ya san abin da zai faɗa, don a daidai lokacin ƙamshin turare ya shigo kotu, ƙafa mai lalle ta biyo shi. Bappa ya sulale ya durƙusa a cikin akwatin da ake tsayar da masu laifi, ya ɓace ɗungurungum.

"Ina wanda ake ƙara?"

"Yana ciki, ranka ya daɗe," in ji kofur yana leƙawa. "Gaisuwa yake yi."

Ya Fanna ba ta jira an kira ta ba. Ta tako har gaban teburin ta ce, "Ɗana, kai ne alƙalin? Ni na ce a taka, kuma aka taka. Da za a sake, sai in ce a ƙara. Yarinyar da ta karye, Allah ya ba ta lafiya, na aika mata da man ɗori. In ɗaurin ne ga ni, dama ban taɓa ganin cikin wurin ba."

Kotu ta kaure da hayaniya. Mista Alfred ya buga tebur, ya juya wajen akwatin da ba kowa a samansa.

"Malam Bappa, ka ji abin da ta ce. Gaskiya ne ko ba gaskiya ba? Kalma ɗaya nake so."

A ƙasan akwatin nan Bappa ya auna kalmomin biyu. In ya ce gaskiya ne, ya ɗora wa surukarsa laifi a gaban hukuma, a rubuce, da bakinsa. In ya ce ba gaskiya ba, ya kira ta maƙaryaciya a gaban rabin Azare. Ya juya su sama, ya juya su ƙasa, bai ga wadda mutum zai faɗa ya sake sa hula ya fita kasuwa ba. Sai ya ja ƙafar wandon kofur. Kofur ya sunkuya, ya saurara, ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ya ce a kai shi gidan yari."

"Ba abin da na tambaye shi ke nan ba!"

Kofur ya sake sunkuyawa. "Ya ce in da hali, yanzu-yanzu."

Har Roda sai da ta yi dariya, ta dafe hannu don zafi. Majistare ya tambaye ta ko tana da magana. Ta ce, "Ya ba ni tausayi, ranka ya daɗe. Amma a ɗaure shi. Gobe wani zai ce kakarsa ce ta sa shi." Aka yanke masa wata uku.

Masu cewa an zalunce shi suna nan har yau. Su je su ji da shi. Baki ne ya ce a taka, amma ƙafar da ta taka tasa ce, hannun da ya karye kuma na wata ne wadda ba ta auri 'yar kowa ba.

Kwana biyun farko Bappa ya yi barcin da rabonsa da irinsa tun yana saurayi. Ga katanga mai tsawo, ga ƙofa da kwaɗo, ga gandiroba mai hana shigowa. A rana ta uku aka ce yana da baƙuwa. Ya Fanna ta tare a gidansa, ta ce ba za ta bar yaron kirki irin wannan ya rayu a kan abincin fursuna ba. Duk ranar ziyara sai ta zo da kwano, ta zauna, ta ce wa gandiroba ba ta tashi sai ta ga an ci. Bappa ya juya wa kwanon baya ya fuskanci bango. Abokan zamansa su miƙo hannu ta bayansa su share. Ita kuma ta ga kwano fes, ta ce ashe yunwa ake bar shi da ita, ta ƙaro babba. Cikin wata ukun nan ɓarawon akuya guda har kumatu ya yi. Bappa ya fito ana ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin riga.

Daga ƙofar gidan yari gidan Roda ya nufa. Ya durƙusa a tsakar gida. Ta bar shi ya daɗe a rana, sannan ta miƙa masa ruwa da hannun da ya warke a karkace, ta ce ya tashi ya tafi, ta yafe.

Washegari ya mayar wa Alhaji makullin fijo. Alhaji ya yi lallashi, 'yan tasha suka ce yanzu ne ma ya yi suna, 'yan kasuwa na tambayar motarsa. Ya ce ya gode. Ya tafi wajen masu aikin gona ya zagaya injinan da ke wurin ɗaya bayan ɗaya, yana leƙa cikinsu. Da ya zo kan tarakta ya tsaya, ya tambayi mai kula da wurin ko akwai inda fasinja ke zama. Aka ce babu, kujera ɗaya ce tak. Ya ce ita yake so.

A kanta ya ƙare aikinsa, yana huɗa gonakin mutane daga Madara har Chinade, har gemunsa ya yi fari.