Tsuntsayen Yaya Isuhu da Sabo Ya Yanke Wa Kai

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana Isuhu, shekara huɗu kuma da Sabo, ɗan kawunmu, ya sa almakashi ya yanke kawunan tsuntsayen saƙa da ke bakin zanen da marigayin ya bar mini. Ranar sadakar uku ya yi wannan aiki, muna waje muna karɓar gaisuwa. Wai mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da siffa. Ni ba malami ba ne, ban ja da malamai ba. Amma zanen nawa ne, ko tambayata bai yi ba.

Yaya Isuhu ɗinkin hula ya kawo shi Alƙahira. Wata rana a unguwar Dokki wani da yake yi wa ɗinki ya nuna masa hotunan zannuwan mutanen Nazca, wasu mutanen dā a ƙasar Peru. Da allura da zare kawai suke tayar da tsuntsu ko fure a gefen zane, ƙanƙane kamar kan yatsa, mai ciki da baya. Yaya ya dawo gida unguwar Ainu Shams ya kasa cin abinci. Ya yi ta saƙawa yana warwarewa har idonsa ya fara dishi-dishi, sannan ya gano kan abin. Bai koya wa kowa ba, don Yaya, Allah ya ji ƙansa, akwai rowar sana'a.

Na ɗauka aikin ya bi shi kabari. Ashe matarsa Mariya ta kwashe kawunan daga shara. Inda almakashi ya ci, cikin saƙar ya buɗe, ta ga yadda kowane zare ke sarƙe na samansa. Ta gwada ya ƙi, ta sake, har ya zauna. Yau mata 'yan Najeriya da 'yan Sudan sun cika ɗakinta suna saƙa furanni a bakin mayafi, Misirawa har daga Giza suke zuwa nema. Da Yaya zai leƙo, sai ya fara yin faɗa an tona masa asiri, sannan ya juya saƙar ya ce tamam, ta yi daidai.

Juma'ar da ta wuce na ci karo da Sabo a ƙofar masallaci. Ya miƙo hannu.

"Ma'alish, yi haƙuri ƙanina, abin da ya wuce ya wuce."

Na riƙe hannun da ƙarfi na ce, "Bai wuce ba, Yaya Sabo, yana ɗakin Mariya ana koyar da shi. Kai ka so ka kashe, kai ka buɗe mana. Ka turo 'yarka ta koya. Khalas, shi ke nan, sakar mini hannu."